Manu da Jikokinsa na Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa shiga kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwar Goronyo ya ga Manu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai malfa da sanda a kafaɗa, wanda ba ya saye ba ya sayarwa, amma dillalai ke ɓata rai da zarar sun hango shi. In mai saye ya ja shi gefe ya nuna masa saniya, Manu zai zagaya ta sau ɗaya, ya ɗaga mata fatar ido, ya shafa ƙasan muƙamuƙinta, ya dubi kashin da ta yi, sannan ya ce a saya ko a bari. In ya ce a bari ka yi kunnen ƙashi, to wallahi kafin wata biyu za ka nemi mahauci da gudu. Ko goro ba ya karɓa a kan wannan aiki.

A wata ruga kusa da Boyekai aka haife shi, shekara saba'in ke nan ko da ɗoriya. Yana da shida aka ba shi tsaron maruƙa, yana da tara ya bi garke. Da rani su gangara fadamar gulbin Rima, da damina su hau tudu su ba manoma wuri. Boko bai taɓa shiga ba ko na yini ɗaya, allo kuma ya yi gwargwadon abin da zai tsai da salla. Sauran iliminsa a bayan shanu ya same shi. Ya yi sa'a shi ne na huɗu a ɗakinsu, don haka babu kunyar ɗan fari tsakaninsa da mahaifinsa. Tsohon ya yi ta zuba masa abin da ya sani, wani da lallashi, wani da ranƙwashi, har ya zamana Manu kan gane saniya ba ta jin daɗi tun daga yadda take tuƙa.

Shi kuwa nasa ɗan farin bai sami wannan gata ba. Isma'ila aka raɗa masa. Ranar suna Manu ya shiga garke ya zaɓi wata farar karsana mai baƙin kunne, aka shaida wa jama'a ta jaririn ce, kamar yadda ake yi. Daga ranar bai ƙara ɗaukar yaron ba, bai kuma taɓa kiran sunansa ba. Da aka yaye shi, yayar Manu, Goggo Sabuwa, wadda ke aure a Wurno kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya shi ta tafi. Tun daga nan in dole ta kama Manu ya ambace shi, sai ya ce "mutumin Wurno". In sun haɗu a hanya, ɗan ya durƙusa, uban ya dubi wani gefe ya amsa gaisuwa a taƙaice ya wuce.

Kada wani ya ce ƙiyayya ce. Ba ita ba ce, ko kusa. Kunyar ɗan fari ce, kuma a gidajen su Manu ba a wasa da ita. Mutum yana iya son ɗansa kamar ya haɗiye shi, amma ya mutu bai taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba. A Wurno Sabuwa ta jefa Isma'ila boko, yaro kuwa ya kama karatu ya ƙi saki. Ya yi sakandare, ya shiga jami'a, ya zama likitan dabbobi, har aka riƙe shi ya zama malami mai koyar da masu son zama likitocin dabbobi. Ranar da aka fara jin muryarsa a rediyo yana bayanin rigakafin ciwon huhu, Manu yana zaune cikin mutane. Sai ya juya wa rediyon baya, ya ɗauki wata igiya da babu abin da ya same ta ya shiga kwancewa yana ɗaurewa. Yana ta fama da igiyar har aka gama. Amma ranar bai iya cin tuwo ba don daɗi, matarsa, Allah ya ji ƙanta, ita ta ba da labarin.

Sai zamani ya juya. Shekara biyar da suka wuce 'yan bindiga suka faɗa rugarsu suka kore garken kakaf, shanu tamanin da wani abu. Uku kaɗai suka tsira, su ma don Manu ya saba ware su yana kiwonsu da kansa, ranar kuma ya gangara da su fadama tun da sassafe. Ya kwashe iyalinsa ya dawo gefen garin Goronyo, ya kafa bukka kusa da masu noman albasa, su ba shi harawa, shi ya ba su taki. An yi an yi ya sayar da ukun nan ya huta, ya ƙi, bai kuma gaya wa kowa dalili ba. 'Ya'yansa mata suna gidajen mazansu. Ƙaramin ɗansa Sale ya ce shi da shanu har abada, ya tafi Legas yana kabu-kabu. Ga kuma yanar ido ta fara rufe wa Manu idon hagu.

Abin da ke cin ransa ke nan, ba shanun ba. Shanu Allah ya ba da, Allah ya karɓa. Amma abin da mahaifinsa ya zuba masa, wanda shi ma ya samu daga nasa mahaifin, yana nan cikin cikinsa babu wanda zai juye wa, ga ido yana tafiya. Wanda ke son abin a duk zuriyarsa mutum ɗaya ne, kuma shi ne wanda ba ya iya buɗe baki a gabansa.

Can jami'a kuma Isma'ila yana cikin tasa damuwar. Da, akan ɗebi ɗalibai a mota a kai su rugage su taɓa dabba da hannunsu. Yanzu wane malami ne zai ɗauki 'ya'yan mutane ya shiga daji da su? Karatu ya koma kwamfuta. Ana yi musu lacca ta waya, wasu suna zaure a jami'a, wasu suna gidajensu a Rabah, a Wurno, har da na wasu jihohi. Akwai kuma wata manhaja da ake gwadawa, wadda in ka nuna mata hoton saniya za ta faɗi abin da take zaton yana damunta. To ita wannan manhaja da hotunan shanun ƙasashen waje aka rene ta, masu dabbare-dabbare, babu tozo babu leɓe. Da aka nuna mata bijimi irin Gudalin Sakkwato da leɓensa yana reto har ƙirji, sai ta ce kumburi ne, a nemi magani. Aka kawo wani, ta ce shi ma. Kai, a wurinta duk shanun ƙasar Sakkwato majinyata ne! Ɗalibai suka yi ta dariya, Isma'ila bai yi ba. Shi ya san littafi, ya san madubin likita, amma idon makiyayi ba a ba shi ba, kuma ya san sarai wa ke da shi.

Bai iya tunkarar uban ba, sai ya bi ta hannun Goggo Sabuwa. Ita kuwa tsohuwa ce mai baki kamar reza, mai babbar waya da ta fi ta 'yan mata, ba ta tsoron kowa. Ta hau mota daga Wurno ta zo ta faɗa wa ƙanenta saƙon: ana so a ɗauki bayaninsa a bidiyo a koyar da ɗalibai da shi, a kuma gyara wa manhajar nan tunani. Ta zaci Manu zai ƙi. Can ya ce, "Tau. Shi zo."

Ranar Asabar da hantsi Isma'ila ya iso da kwamfuta da kyamara mai ƙafa uku. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin danga, ya durƙusa daga nesa ya yi gaisuwa. Aka shimfiɗa tabarmi biyu, Sabuwa ta zauna a tsakani. Isma'ila ya dubi ƙasa ya ce, "Goggo, a tambayi Baba, ƙaƙa aka gane ciwon hanta tun bai yi nisa ba?"

Sabuwa ta juya ta ce, "Manu, ka ji. Ƙaƙa aka gane shi?"

Manu ya dubi yatsun ƙafarsa. Amsar tana bakinsa, cike, da misalai da komai. Amma ga mutumin Wurno zaune taku biyar daga gare shi, yana jin numfashinsa. Ya ce, "Sai an duba."

"An duba mi?" in ji Sabuwa.

"Dabbar."

Haka aka yi ta yi har azahar. Da Isma'ila ya koma ya kunna abin da ya ɗauka, babu komai ciki sai carar zakara, da faɗan Sabuwa, da "Allah shi ne masani" sau goma sha ɗaya. Manu kuwa bayan tafiyarsu ya shiga wurin shanunsa ya tsaya ya daɗe, ransa a ɓace, yana jin haushin kansa. Yaro ya taso tun daga birni ya zo neman abin da yake haƙƙinsa, ya koma hannu wofi.

Aka sake dabara. Isma'ila ya aiko da kyamarar, aka kafa ta gaban turke, aka ce Manu ya yi ta magana shi kaɗai, babu kowa. Ya gyara malfa, ya tsaya, ya yi mata sallama. Ba ta amsa ba. Ya ce, "Wagga saniya ce." Sai ya ji kansa wani iri. Ya kira Sabuwa ya ce ta zo ta ɗauke abinta. "Ni in tsaya ina magana da ƙarhe awa wanda ya taɓu? Koyarwa sai da mai tambaya. Sai yaro ya yi maka tambayar wauta ka ji haushi, sannan magana ka hitowa."

Saura mako biyu a fara zangon karatu, Isma'ila ya gaya wa Goggonsa a waya cewa ya haƙura, zai nemi wani makiyayin. Wannan magana ita ta tayar wa Sabuwa da hankali. Wani makiyayin! Ɗan Manu ya je yana durƙusa wa uban wani, nasa uban yana raye? Ta same shi da la'asar yana yanka wa shanu harawa, ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Manu, in tambaye ka. Wanda malami ya karantar, mi ne gare shi?"

"Ɗanai ne," in ji Manu, bai ɗago ba.

"Madalla. Mutumin Wurno yana da ɗalibbai ɗari biyu da 'yan kai. Ɗiyanai ne ko ba ɗiyanai ne ba?"

"Ɗiyanai ne."

"Tau ɗiyan ɗanka, kai mi ne gare su?"

Wuƙar ta tsaya a hannun Manu. Ya ɗago ya dube ta da idonsa mai kyau. A hankali ya ce, "Kaka."

"Akwai kunya tsakanin kaka da jika?"

Ina fa kunya! Kowa ya san tsakanin kaka da jika sai wasa da tsiya. Jika mace ta kira kakanta mijinta, ta ce ya tsufa ta sake shi, shi kuma ya ce ba ta iya tuwo ba. Abin da mutum ba zai iya faɗa wa ɗansa ba har ya mutu, jikansa zai faɗa wa yana dariya. Manu ya daɗe bai yi dariya mai sauti ba, ranar ya yi, har shanun suka ɗago kai. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada ya ga fuskar mutumin Wurno. Sabuwa ta ce wannan mai sauƙi ne.

Ranar Talata da hantsi ta tsaya gaban turke ta ɗaga wayarta da hannu biyu. Fuskar wayar ta cika da ƙananan fuskoki, gida-gida kamar zanen tabarma, wasu da hijabi, wasu da hula, wasu a zaure wasu a tsakar gida. Manu ya matso ya ƙura ido. A can ƙurya akwai gida ɗaya baƙi wuluk, babu fuska. Ya nuna da yatsa ya ce, "Wanga hwa?" Sabuwa ta ce wani ne kyamararsa ta lalace. Manu ya dube ta, ta dube shi. Bai ƙara tambaya ba.

Isma'ila ya riga ya gaya wa ɗalibansa cewa kakansu za su gani, su yi da shi yadda ake yi da kaka. Duk da haka kowa yana jin nauyi. Sai wata murya ta fashe daga wayar, ta wata ɗaliba mai suna Zakiyya, wadda ke bin darasin daga gidansu a Rabah.

"Lalala! Ashe wanga tsoho ne anka ce mijina? Malfar ga tun ta yaushe? Ni dai na hwasa, a maido min kayana!"

Manu ya ja da baya ya riƙe haɓa. "Wace ce wagga mai bakin tsiya? Ke, ko tatsa kin iya? Matso in gane ki. Kai, ni na hi ƙarhinki, ko kyauta anka ba ni sai na yi shawara!"

Wayar ta kaure da dariya, Sabuwa ma sai da ta dara. Shi ke nan, bakin Manu ya buɗe. Zakiyya ta ce to in ya isa ya gaya musu bambancin leɓe da kumburi, tun da kwamfutarsu ta kasa. Ya ce, "Tambayar wauta! Zo nan." Ya ja Sabuwa har gaban farar saniyarsa, ya kama leɓen ya girgiza shi, ya ce wannan fata ce, ado ne, da shi aka haife ta. Sannan ya sa aka jawo wani sa na maƙwabcinsa mai noman albasa, wanda ya yi wata yana kiwo a bakin ruwan dam ɗin Goronyo. Ya kai babban yatsansa ƙasan muƙamuƙin san, can sama da inda leɓe ya fara, ya danna ya ɗauke. Gurbin yatsan ya zauna bai tashi ba. "Kun gani? In kun danna wurin ya koma, ba komi. In ramin ya zauna, ruwa ne ya taru, hanta ta taɓu. Yanzu ku dubi cikin ido." Ya ɗaga fatar idon, ta yi fari fat babu jini. Ya nuna musu kashin, ya nuna musu yadda gashin baya ya tashi ya bushe. An ce darasin awa ɗaya ne, sai da cajin wayar Sabuwa ya ƙare aka tashi.

Daga nan kowace Talata aka mayar da ita ta Manu. Sabuwa ta tare a Goronyo, ta ce Wurno ba za ta gudu ba. Ya koya musu jin zazzaɓi a gindin ƙaho da kunne, da gane ciwon huhu daga yadda saniya ke buɗe ƙafafun gaba in ta tsaya, da ciyawar da ke kumbura ciki a farkon damina. In ɗalibi ya yi tambayar kirki ya amsa a taƙaice, in ya yi ta shirme ya zage shi tas sannan ya yi bayani mai tsawo, don haka suka gane suka riƙa yin ta shirmen da gangan. Wani lokaci tambaya kan fito a rubuce daga baƙin gidan nan na ƙurya, Zakiyya ta karanta. Irin waɗannan Manu ba ya zagi. Yakan gyara tsayuwa ya amsa su a tsanake, ya maimaita sau biyu.

Ba kullum ne yake da gaskiya ba, kuma ba a ɓoye ba. Wata Talata ya duba wata karsana ya ce lafiyarta lau. Ɗalibai suka ɗauki hotonta daga bidiyon suka ba manhajar, ta ce akwai alamar kirci, ciwon fata, a bayan kunnen hagu. Manu ya ce ƙarya ne. Ya kai hannu ya shafa, sai ga ɓawon ƙurajen ƙarƙashin gashi, a gefen da idonsa ba ya gani. Sannan ya ce, "Ta yi gaskiya. Ashe ba wawuya ba ce, baƙuwa ce. Ku riƙa nuna mata shanunmu, ta saba." Haka kuwa aka yi. Ɗaliban suka bazu da wayoyinsu, na Tursa ya ɗauko na Tursa, na Shinaka ya ɗauko na Shinaka, ana nuna wa Manu yana yanke hukunci, ana gwada jini da kashi a ɗakin gwaji a tabbatar, sannan a zuba wa manhajar. Kafin ƙarshen zango ta daina kiran leɓe kumburi.

Labari ya bazu. Aka ce ɗaliban wasu jami'o'in ma suna kallon bidiyon, har an sa masa fassara a ƙasa don waɗanda ba sa jin Hausa. A kara dillalan da ke ɓata rai suka koma kiransa Farfesa, da tsokana suka fara, daga baya ya bi shi. Shi ko a jikinsa, wai. Amma an lura ya sayi sabuwar malfa, kuma ranar Talata tun da safe yake wanke shanunsa. Wata rana ya tambayi ɗaliban, babu wasa a muryarsa, ko in ya mutu wannan abin zai ci gaba da magana. Suka ce zai ci gaba, jikokin jikokinsa ma za su ji. Ya ce, "Da muryata?" Suka ce da muryarsa, da malfarsa, da zaginsa. Ya gyaɗa kai ya ce alhamdu lillahi, ya koma kan maganar kaska.

Ranar darasin ƙarshe Zakiyya ta ce tana da tambaya wadda ba ta karatu ba. "Kaka, kullum da farar saniyar ga mai baƙin kunne kaka koya muna. An ce an yi an yi ka sai da su ka ƙiya, ga ɓarayi ga tsadar abinci. Mi ya sa? Ko ita ce kishiyata?"

Aka yi dariya, Manu bai yi ba. Ya ɗora hannu a kan tozon saniyar, ya dubi wayar, can wajen ƙurya.

"Wagga sunanta Raneye," ya ce. "Ɗiyar Felle ce. Felle ɗiyar Saye, Saye ɗiyar Wule, Wule ɗiyar wata Raneye, ita kuma ɗiyar wata karsana ce fara mai baƙin kunne, wadda na kama da hannuna ranar wani suna, shekara arba'in da ɗaya yau. Waɗancan biyun, guda ƙanwarta ce, guda ɗiyarta. Ban taɓa haɗa su da garke ba, ni ka kiwonsu da kaina, shi ya sa ranar da anka kwashe sauran suna tare da ni." Ya shafa bayan saniyar. "Ba nawa ba ne, balle in sai da. Na malaminku ne. Riƙo nike yi mai."

Isma'ila ya san an ba shi karsana ranar suna, kowane ɗan Fulani ya san wannan, amma ya ɗauka zuriyarta ta tafi da garken, bai kuma taɓa samun fuskar tambaya ba.

Manu ya ci gaba. "Ku gaya mai, ni ban ba shi komi ba sai wagga. Karatunai shi ya nema da kainai. Ku gaya mai na ji shi a rediyo tun ranar farko, kuma ban taɓa jin wanda ya hi shi iya bayani ba. Ku riƙe shi da kyau, kun yi sa'ar uba."

Sai baƙin gidan nan na ƙurya ya yi haske. Ga Isma'ila zaune a ofishinsa, babban mutum da furfura a gemu, ya cire tabarau yana share fuska da hannun riga. Sabuwa ta yi sauri za ta juya wayar, don ta tuna sharaɗi. Manu ya ɗaga mata hannu ta bari. Ya ja malfarsa ƙasa ta rufe masa ido, ya kau da kai gefe yadda ya saba, amma bai bar wurin ba.

"Zakiyya," ya ce, yana kallon danga. "Abu guda ya rage wanda waya ba ta iya koyarwa. Ba ta jin ɗumi, ba ta jin taushi. Ki ce ma malaminku shi zo ran Juma'a."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Isma'ila ya zo, babu kwamfuta babu kyamara. Ya tuɓe takalmi a bakin danga ya durƙusa. Manu ya amsa a taƙaice, ya tashi ya nufi turke, ɗan ya bi shi a baya. Maƙwabcin nan ya kawo wani san da ya fara rama, an ɗaure shi kusa da Raneye. Uban ya tsaya a wannan gefe, ɗan a wancan, dabbar a tsakaninsu, kowa yana kallon ƙasa. Sabuwa tana bakin bukka ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Manu ya miƙa hannu ta ƙarƙashin wuyan san, ya lalubo hannun Isma'ila ya kama. Rabonsa da taɓa wannan hannu tun yana ɗan kwana bakwai. Ya ware babban yatsan, ya kai shi ƙasan muƙamuƙi, sama da inda leɓe ya fara, ya danna shi a hankali da nasa yatsan a sama.

"Nan ne," ya ce, kamar da san yake magana. "Danna. Ɗauke. Ka ji?"

"Na ji, Baba," in ji Isma'ila.

Manu bai saki hannun ba. Ya matsar da shi gaba kaɗan, zuwa gindin kunne, ya ce a sake.